Ita Ce Maganin Famfon

Tungar Maidawa, ta Filinge
9 ga Agusta

Zuwa ga ɗiyata Hamida, a Dakar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da karatu da baƙunta. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, hatsi ya kai ƙugu, jiya munka gama maimai. Habsa matata tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi.

Na san ba mu saba rubutu ni da ke ba. Zumuncina da marigayiya uwarki ta wajen kakanni ne, amma yayata Tanne ce ta goye ki tun kina shekara huɗu har kinka shiga kwaleji, to maganarta ta shafe ki. Rezon waya bai dawo garinmu ba har yanzu. Tahiru mai fotokofi na Filinge zai ɗauki hoton takardar ga ya aiko miki, in kin ba da amsa ya buga ta ya aje mini.

Zancen famfon shaƙa ne, wanda kinka aiko ma Yaya saboda hukarta. Ba zan ƙi gaskiya ba, yana aiki. Da, in ƙirjin ya kama ta, yini take dafe da bango tana fito kamar an toshe ƙahon busa. Yanzu ta shaƙa sau biyu, kahin mutum ya gama alwala numfashi ya dawo. Amma bayansa hannuwanta na rawa har ba ta riƙe ludayi, zuciyarta kuma tana bugu kamar ana daka. Shekaranjiya ta ɓarar da hura a zanenta gaban baƙi, ta shige ɗaki ba ta hito ba sai la'asar.

Kin san Yaya da al'amarin iskokinta. Ni ban shiga, na bar ta da abin da ta gada. To matan da suke wasan bori tare sun fara cewa rawar hannun ga hushi ne, don an sa mata baƙuwar iska a ƙirji. Ni kuma ba ni da abin da zan ce musu, tun da kin aiko abu cikin kwali da takardar Faransanci mai ƙananan baƙaƙe, ba ki haɗo ko layi ɗaya na hannunki ba. Wanga ba daidai ba ne, Hamida. Mu ba awaki ba ne da za a buɗe muna baki a ɗura. An ce karatun numfashi kike yi. To ki gaya mini da Hausa abin da famfon ga yake yi cikin ƙirjinta, da abin da za a yi ma rawar.

Kawunki,
Ibrah Maidawa

*

Dakar
20 ga Agusta

Kawu Ibrah,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarku, na ji daɗin labarin damina da sauƙin Inna Habsa. Ni lafiya lau nake, sai aiki da ya yi yawa. Ku gaishe mini da Inna Tanne sosai. Kuna da gaskiya, ya kamata in haɗo bayani. Ga shi.

Hanyoyin iska a cikin huhu kamar rassan itace suke, suna rabuwa suna ƙara sirancewa. Kowane reshe akwai siririyar tsoka da ta zagaye shi, kamar zaren da ake tsuke bakin jaka da shi. Ba irin tsokar hannu ba ce da mutum yake ba umarni, da kanta take aiki. Tsokar nan wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu rai ne suka haɗu suka yi ta, ido ba ya ganinsu, muna ce musu selil. A cikin kowace selil akwai zare iri biyu kwance kusa da juna, akwai kuma wani gishiri, kalsiyom, ɓoye a ɗan rumbu. In ƙaiƙayi ko hayaƙi ya shiga huhun mai huka, sai rumbun ya buɗe, kalsiyom ya watsu, ya sa zare ɗaya ya cafki ɗayan ya ja. Dubban selil su ja a tare, hanya ta tsuke. Fiton da kuke ji, iska ce take neman wucewa ta matsatsi.

Abin da ke cikin famfon sunansa salbutamol. Ba ya shiga cikin selil ɗin. A jikin fatar kowace selil akwai ɗan gurbi da ya dace da shi, muna ce masa beta-biyu. Da ya zauna a gurbin, sai daga ciki a fara ƙera wasu ƴan aike masu yawa, ana ce musu AMP mai zobe. Su suke kai saƙo cewa kalsiyom ya koma rumbu, wanda ya rage a tura shi waje, zaren da ya cafka ya saki. Sai tsokar ta kwanta, hanya ta buɗe. Kusan kullum ina ganin haka da idona. A ɗakin gwaji muna rataya ɗan zoben maƙogwaron dabba cikin ruwa mai ɗumi, mu sa ya tsuke, mu ɗiga masa salbutamol, ba a jima ba layin da na'ura take ja ya sauko ƙasa.

Irin gurbin nan akwai shi a tsokar hannu da a zuciya, shi ya sa rawa da bugu. Suna wucewa da kansu. Ku faɗa wa matan ba hushin kowa ba ne.

Abu ɗaya kuma, tun da kun yi maganar zuciya. Akwai wata ƙwaya da ake ba masu bugun zuciya, sunanta propranolol. Ku riƙe sunan nan da kyau. Ita ce maganin famfon: in tana jikin mutum, duk abin da famfon yake yi sai ya tsaya. Sauran bayani sai wata takardar, malamina yana jirana.

Ɗiyarku,
Hamida

*

Dakar
17 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ni ƙalau nake.

Yau kusan wata biyu ban ji daga gare ku ba. Na kira Tahiru sau huɗu, ya ce kun karɓi takardata tun tsakiyar Satumba. Kun yi mini faɗa a kan ban rubuto ba, na zauna na rubuto, sai ku kuma kuka yi shiru. Na san girbi ne, amma ko ɗan saƙon baki ba za a ba mai zuwa kasuwa ba? Lokacin sussuka ya zo, shi ne lokacin da ya fi mata tsanani. Kada ta kusanci masussuka. Ku gaya mini yadda take.

Hamida

*

Filinge
29 ga Oktoba

Hamida,

Salamu alaikum. Kin tambayi lahiya. Habsa da yara lahiya. Yaya Tanne kwananta goma a gadon likita, babban asibitin nan Filinge, jiya anka sallame ta. Daga bakin likitar nake rubuta miki.

Na karanta takardarki sau uku, na karanta ma Yaya. Na riƙe sunan da kinka ce in riƙe, na kwafe shi a ɗan guntun kwali. Ran Lahadi na kai bijimi Balayara. Bayan an sallama na nuna ma wani mai teburin magani kwalin, ya ce yana da ita, ya ce ɗaya da safe ɗaya da marece. Na kawo. Ta sha, rawar hannu ta tsaya, zuciya ta kwanta. Ta ɗebi hura da ludayi ba ta zubar da ɗigo ba. Wallahi ranar na sa miki albarka gaban mutane.

Ran kwana na biyar, Alhamis da hantsi, mata suna sussukar sabon hatsi bayan gida. Takardarki mai cewa kada ta kusanci masussuka tana nan shagon Tahiru, sai yau na gan ta. Ba ma kusanta ta yi ba, tana zaune ƙarƙashin aduwa tana tsinke yakuwa, iska ce ta juyo da ƙaiƙayi. Habsa ta zo gona da gudu ta kira ni. Na tarar da Yaya durƙushe, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya riƙe da famfon. Ta shaƙa biyu, ba komi. Ta ƙara biyu. Na karɓa na girgiza na matsa mata da kaina har na ƙirga goma. Ta kama rigata ta ce, "Ibrah, yana shiga, ba ya buɗewa." Ba ta ƙara iya haɗa kalma biyu ba. Leɓenta ya koma launin toka.

Kin san an hana hawan moto, wato babur, a ƙasar ga. A amalanken jaki munka ɗora ta, Habsa ta tallabe ta zaune don ba ta iya kwanciya, ni ina dukan jakin da ban taɓa duka ba. Kilomita bakwai zuwa ƙaramar likita. Fiton ƙirjinta ya yi ta raguwa a hanya, na zaci sauƙi ne, ashe iskar ce ta daina wucewa. Majo, malamin jinyar wurin, ya yi mata allura, ya ce wanga ya hi ƙarhinsa, ya kira mota. A Filinge anka sa mata iskar kwalba, anka ɗaura ruwa, anka yi ta ba ta wani tururi.

Lokotoron, wato dokta da ta duba ta, mace ce, ba ta girme ki ba. Ta ce, "Baba, me take sha banda famfon?" Na ciro ƙwayar daga aljihu, ina ma alfahari. Ta duba, ta dube ni. Ta ce, "Wa ya ba mai huka wannan?" Na ce ɗiyarmu ce mai karatun likita a waje ta rubuto. Ta ce, "Ba wanda ya yi ko shekara ɗaya a karatun likita da zai rubuto haka. Kun kusa kashe ta." Gaban majinyata ta faɗa, da gaban matata.

Shekarata hamsin da huɗu, ba a taɓa ce mini na kusa kashe mutum ba. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta yaye ni. Ke kinka ba ni sunan ƙwayar, ni na sa mata a baki. Ki gaya mini me Yaya ta yi miki banda goyo.

Ibrah

*

Dakar
1 ga Nuwamba

Kawu,

Na gode Allah da ta rayu. Ni ba zan ce ina lafiya ba, tun da na buɗe hoton takardar ban iya cin abinci ba.

Ka ce ni na rubuto a ba ta? Ni? Na rubuto sunan ƙwayar nan ne don a guje ta. Na ji tsoron wani zai ji zuciyarta na bugu ya ba ta, shi ya sa na ce a riƙe sunan. Na faɗa a fili cewa in tana jiki aikin famfon yana tsayawa. Wane mai hankali zai ji an ce abu yana tsayar da maganin da ke riƙe da ran mutum, ya tafi kasuwar dabbobi ya sayo shi?

Bari in gaya maka abin da ka yi, tun da kai ka ce a yi maka bayani. Gurbin nan da na ce salbutamol yana zama a kai, propranolol ma a nan take zama. Daidai wurin. Bambancin shi ne ita in ta zauna ba ta aika kowa, toshe wurin kawai take yi. Kwana biyar kana cika mata gurabun huhunta safe da marece. Ranar da ƙaiƙayi ya shiga, kalsiyom ya watsu, zaruruwa suka ja, salbutamol ya iso ya tarar ba wurin zama. Ba a ƙera ɗan aike ba, ba wanda ya ce wa kalsiyom ya koma. Da ta ce maka yana shiga ba ya buɗewa, ta fi ni iya faɗin abin. Rawar hannun da ka ji daɗin tsayawarta, ita ce alamar da ta nuna an rufe ƙofar.

Na samu lambar lokotoron na kira ta. Ta ce da suka ga hanyar beta-biyu a toshe, sai suka bi ta wasu hanyoyin. Tururin da ka gani yana tare saƙon jijiyar da ke ce wa tsokar ta tsuke. A cikin ruwan da aka ɗaura akwai magneziyom, shi kuma yana hana kalsiyom shiga selil. Da haka suka riƙe ta har ƙwayarka ta fita daga jininta. Ta ce da an ƙara rabin awa a hanya, da wani zancen ake yi. Ta kuma tambaye ni a wace makaranta nake, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Akwai majo kilomita bakwai daga ƙofar gidanka. Akwai farmasi a Filinge, kusa da shagon da ka karɓi takardata. Ka wuce su duka ka je wurin mai tebur da ke sayar da maganin mutum da na ɓera a faranti ɗaya. Ba ka tambayi kowa ba don ba ka son a ga ba ka sani ba. Haka kake tun ina yarinya. Yanzu kana tambayata me Inna ta yi mini. Kada ka ƙara rubuto mini wannan.

Hamida

*

Tungar Maidawa
19 ga Nuwamba

Hamida,

Salamu alaikum. Yaya tana samun ƙarhi kaɗan kaɗan, tana zagaya tsakar gida da sanda. Sauran mutane lahiya. Na lura a takardarki na tashi daga "ku" na koma "ka". Ba komi, na ji.

Kin tambaya wane mai hankali. To na je na nemo miki su. Ga abin da kinka rubuta, na kwafe shi baƙi da baƙi: "Ku riƙe sunan nan da kyau. Ita ce maganin famfon: in tana jikin mutum, duk abin da famfon yake yi sai ya tsaya."

Na kai ma mushen lakkwal ɗinmu, malamin makarantar boko, ban gaya masa komi ba, na ce ya karanta takardata da taki ya faɗa mini abin da anka ce in yi. Ya ce an ce in nemo ƙwayar. Na kai ma liman, ya ce haka. Na kai ma Tahiru, wanda ya yi karatu har lise, babbar sakandare, ya ce, "Baba Ibrah, ana iya jinta ta nan, ana iya jinta ta can, amma ni da sayowa zan yi." Mutum uku. Duk marasa hankali ne?

Ni na tambaye ki me za a yi ma rawa da bugun zuciya. Ke kinka ce ga ƙwayar masu bugun zuciya, ita ce maganin abin. A nan ƙasarmu ta Kurfai in an ce ma mutum wanga shi ne maganin wancan, nema yake yi. Kin cika takarda da rumbu da zare da ƴan aike, na ji daɗinsu, har na iya faɗa ma matan. Amma kalmar "kada" ba ta cikin takardar tun daga sama har ƙasa. Na duba. Baƙi huɗu ne, Hamida. Malaminki yana jiranki, ba ki samu lokacinsu ba.

Zancen majo kuwa, kin yi gaskiya, ban tambaye shi ba. Me zai sa in tambayi majo bayan ɗiyar gidanmu da ta hi shi karatu ta yi magana? Da na tambaye shi, da ke ce za ki ce na rena ki. Zancen mai tebur ma na ɗauka, laihina ne, kuma na koma Balayara na same shi, sai da mutane sunka shiga tsakani.

Ba ki nan ranar da anka yi wasan godiyar kaka. Shekara talatin Yaya ce take ɗaga waƙar buɗewa. Bana tana zaune cikin ɗaki tana jin goge daga nesa, wata ta ɗaga a madadinta. Ni da ban taɓa son wasan ga ba, na zauna bakin ƙofarta har anka watse. Har yau maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba.

Ibrah Maidawa

*

Dakar
22 ga Nuwamba

Kawu Ibrah,

Ina gaishe ku. Na ji daɗin tana takawa.

Na buɗe takardata ta Agusta na karanta. Ban yarda da ku ba sai da na karanta wa wata ƴar Dogon Dutsi da muke gida ɗaya, ita ma ta ce, "Ai cewa kika yi a sayo." A kaina da Faransanci na yi tunanin jimlar, a can kalmar tana nufin abin da ke karya aikin wani abu. Na juyo ta Hausa cikin sauri ban sake dubawa ba. Babu "kada". Kuna da gaskiya, ni na rubuta abin da ya kai ta gadon likita. Na kuma yi muku rashin kunya a kai.

Amma ban janye maganar majo ba. Ko ni ce na rubuto, ko wanda ya fi ni, ba a ba mai huka sabuwar ƙwaya sai wanda yake ganinta da ido ya duba. Wannan ina nan a kansa, ko za ku yi fushi.

Yanzu ga shi a fili. Kada Inna ta ƙara shan propranolol har abada. Kada a ba ta kowace ƙwayar zuciya ko ta hawan jini, ko maganin ɗigawa a ido, sai an gaya wa mai bayarwa tana da huka. Famfo na biyu da lokotoro ta ba ta na rage kumburin hanyar ne, kullum ake shaƙarsa ko tana jin daɗi, ba shi ne na gaggawa ba.

Ku karanta mata wannan. Ku ce mata ina neman gafara. Na kasa rubuta mata kai tsaye.

Ɗiyarku,
Hamida

*

Tungar Maidawa
10 ga Disamba

Hamida,

Ni ce Tanne. Fiddausi ungozoma ce take rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara. Ina gaishe ki. Jikina da sauƙi, ina kaiwa rijiya in dawo, sai dai in na yi magana mai tsawo sai na huta. Wagga takarda zama uku munka yi mata.

An karanta mini duk takardunku, naki da na Ibrah. Na sa an maimaita. Wata huɗu kuna ja-in-ja a kan ƙirjina kamar iyakar gona, ba wanda ya ce a tambayi mai ƙirjin.

To ga abin da ba ku sani ba. Tun kwana na biyu da fara ƙwayar na ji ta. In na ɗaga tulu sai in ji kamar an ɗaura mini ɗamara ta ciki. Shekara ashirin ina tare da hukar ga, na san takunta. Na ce ma Ibrah, "Ƙwayar ga tana matse ni." Ya ce, "Yaya, Hamida ce ta rubuto." Sai na miƙa hannu. Kwana na uku na riƙe ta a tahina har ta fara narkewa, na ce in jefa ma kaji. Sai na tuna yarinyar da na goya ta tai har bakin teku ta yi karatun numfashi saboda ni, yaya za a yi in hi ta sani. Na haɗiye. Da wani ne ya ce, ko lokotoron Yamai ne, da ban ƙara sha ba. Don an ce ke ce na sha.

Ibrah bai sa wanga a takardarsa ba. Na gaya masa yau gaban Fiddausi, ya sunkuyar da kai ya hita.

Kin ce kina neman gafara ta bakin kawunki. Ni ba a neman gafarata ta hannun mai fotokofi. Shi ma yana ta kawo mini nama da lemu yana ajewa bakin ƙofa, yana zaton ciki ne ke hushi.

Rawar hannu ta dawo tun da na koma ga famfon. Na bar ta. Matan sun zo sun ce in aje shi, na ce musu na ga abin da ke bayan rashin rawar, su ba su gani ba. A Tungar Bako akwai wata mai huka, Sa'a, mijinta ya ji labarin ƙwayar da ta tsayar mini da rawa tun kahin in faɗi, sai makon jiya shi ma ya sayo mata. Fiddausi ta kai ni a amalanke, na karɓe ta da hannuna na zuba a masai. Sa'a ta sha kwana ɗaya kawai.

Daga yau duk takardar da za ki rubuto a kan jikina, ni za a fara karanta ma. In na ce ban gane ba, ba mai aiki da ita. In na ce abu yana matse ni, a tsaya, ko wa ya rubuto.

An ce kuna da hutu a ƙarshen watan ga. Ki zo. Ki zauna a tabarmata ki faɗa mini zancen rumbu da zaren ga da bakinki, ina son in ji shi da kyau, don cikina yake. Ban yafe ba tukuna, ke ko shi. Na dai sa Habsa ta share ɗakinki.

Innarki,
Tanne